Rishikesh ko Varanasi: ina ya fi dacewa da mai tafe da iyali?

Hajiya, kin ce idan an sallami Mama daga asibiti a Delhi za ku samu 'yan kwanaki, kuna so ku leƙa ɗaya daga cikin garuruwan ziyarar mabiya addinin Hindu, ke da maigida da ƙananan yara. Kin tambaya tsakanin Rishikesh da Varanasi. Ni dai Rishikesh zan ce.

Duka biyun a bakin kogin Ganga suke. Rishikesh na gindin tsaunukan Himalaya a jihar Uttarakhand, kimanin kilomita 240 daga Delhi, tafiyar wuni guda ma ba ta kai ba. Varanasi kuwa tana Uttar Pradesh, wajen kilomita 800, awa takwas a jirgin ƙasa mai sauri. Ga mai jinya wannan kaɗai ya isa a duba.

Rishikesh gari ne na gidajen ibada da almajirci da suke kira ashram. Babbansu Parmarth Niketan, an kafa shi a 1942, yana da ɗakuna sama da 1,000 kuma suna saukar baƙi. Da almuru almajiransu kan zauna a matakalar bakin ruwa cikin tufafi ruwan ɗorawa, suna rera waƙoƙi, ana juya fitilu masu harshen wuta. Kina iya tsayawa gefe ki yi kallo, ba mai tilasta miki. In an miƙo alewar da aka kai wa abin bautarsu, ko za a ɗiga wa yaro jan gari a goshi, ki ce a'a cikin fara'a, shi ke nan. Sai dai an hana nama a garin, shinkafa ce da wake da gurasa, masallaci kuma ba shi da sauƙin samu, ku riƙe darduma. Masu zuwa wannan ashram galibi da ƙafa suke haye gadar kogin, don haka ku nemi masauki inda mota ke kaiwa saboda Mama. Birai kuma ɓarayi ne, kada yaro ya riƙe ayaba a hannu.

Varanasi ta fi tarihi nesa ba kusa ba, amma gari ne mai wahalar da ƙafa. Wuraren sauka kogi masu matakalai sun haura 80, lunguna matsattsu, shanu da babura da mutane duk a hanya ɗaya. A Manikarnika, ɗaya daga cikin wuraren sauka kogin, dare da rana ake ƙona gawa a fili, domin mabiya addinin Hindu sun yi imani wanda ya mutu a garin ya huta da sake dawowa duniya. Za ku ga tulin itace, ku shaƙi hayaƙin, ku ci karo da makara a lungu. Ba a ɗaukar hoto a wurin. Babba zai jure, yaro ɗan shekara biyar sai ya kwana yana tambaya.

Inda Varanasi ta yi zarra shi ne yawan Musulmi, da yawansu masaƙan siliki. Masallatai da naman halal ba matsala. Masallacin Gyanvapi dai, da ke manne da haikalin Kashi Vishwanath, ana shari'a a kansa, tsaro ya yi tsanani, ba wurin kai yara ba ne.

Ko wanne kuka zaɓa, ku auna tsakanin Oktoba da Maris. Daga Yuli zuwa Satumba damina ce, kogin kan cika ya shanye matakalan. Kafin ku yanki tikiti kuma, a fara jin ta bakin likitan Mama.