Fentin da ake saya don gida ya tsufa: saƙo daga Hambug

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kana lafiya, da su Inna, da iyali, da yaran aikinka. Ka tambaye ni ko da gaske fentin Jamus ya fi na gida, kuma ko akwai abin da zan aiko maka da zai yi amfani a sana'a. Bangon ɗakin da nake haya fari ne, ban taɓa sa masa burushi ba, saboda haka fentin da hannuna ya sani a nan ba na bokiti ba ne. Na 'yan mitsi-mitsin gidaje ne da ake jerawa a gefen layin dogo na wasa. Kada ka yi dariya tukuna. Dattawa masu furfura ne suka fi yawa a harkar, kuma akwai masana'antun da ba su da wani aiki sai ita.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi sunansa H0, inda ake rage komai sau 87. Ƙofa mai mita 2 takan dawo milimita 23, mutum bai wuce santimita 2 ba, faɗin layin jirgi kuma daga milimita 1435 ya koma 16.5. Kamfanin Märklin na garin Göppingen, wanda aka kafa a 1859, ya fara fitar da jirage masu irin wannan girma a 1935. Gidajen kuwa na kamfanoni irin su Faller ne da Kibri da Vollmer da Auhagen. Gunduwa-gunduwar roba ce a kwali, kai za ka yanka ka haɗa da gam. Madaidaiciyar tasha nakan same ta tsakanin yuro 20 da 40. Sai dai ka gama haɗa ta tsaf, ka ja da baya ka duba, ka ga kayan wasan yara: roba tana ƙyalli, ja ya yi ja da yawa, ba alamar an taɓa ruwan sama a kanta. Daga nan ne ainihin aikin yake farawa, kuma aikin shi ne kishiyar naka. Kai ana biyanka ka mayar da tsoho sabo, mu muna kashe kuɗi mu tsofar da sabo.

A nan Hambug akwai Miniatur Wunderland, gidan kallon irin waɗannan ƙananan jirage da gidaje, wanda tagwayen nan Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001 cikin tsofaffin rumbunan jan bulo na unguwar Speicherstadt. Layin da aka shimfiɗa a ciki ya haura kilomita 16, kuma duk minti 15 akan dusashe fitilu dare ya yi, tagogi su kama haske. Jama'a jirage suke bi da kallo, ni kuwa bango ne ya riƙe ni: zanen ruwa a ƙarƙashin taga, baƙin hayaƙi a bakin rumfar jirgi, tsatsa ta gangaro daga indararo.

Bari in ba ka yadda ake bangon jan bulo, tunda kai za ka gane. Ana fara wanke robar da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, don maiƙon injin da ke jikinta yana hana fenti kamawa. In ta bushe a fesa shafin farko mai ruwan toka, sama-sama. Cikin gidan a shafe shi da baƙi, in ba haka ba ranar da aka sa fitila bangon kansa zai riƙa haske. Sai ja, amma ba ja guda ba. Da burushi mai bakin allura ake bin bulo ɗaiɗai, wannan a ƙara masa ruwan ƙasa, wancan a ɗan duhunta shi, alhali bulon tsawonsa bai kai milimita 3 ba. Daga nan a tsinka fenti mai launin siminti ya yi tsararo kamar shayin da bai ji ganye ba, a malala a bangon. Da kansa zai bi tsagar da ke tsakanin bulo ya kwanta. Kafin ya bushe a share saman da tsumma mai ɗan laima, sai ka ga layukan siminti sun fito reras. A ƙarshe a tsoma burushi a fenti mai haske, a goge shi a takarda har ka rantse ba komai a jikinsa, sannan a wuce da shi ta kan kusurwoyi. Ɗan abin da ya rage shi ke fito da gefen da ya goge. Gam ɗin roba narkar da ita yake ya haɗe, ba ya kama kan fenti, don haka sai an kankare bakin haɗin. Gilashin taga kuma ba a kai masa sufagulu kusa, hazo yake sa shi.

Yanzu ga kayan. Fentin Revell na nan Jamus shi ne a ko'ina, har kantin kayan wasan yara, yana da na ruwa da na mai. Ba laifi, amma na ruwan yana da kauri, kuma muddin murfin na buɗe kana aiki yana daɗa bushewa. Vallejo na Sifaniya ya fi kwanta mini a rai don aikin burushi, kuma rabin dalilin kwalbar ce: bakinta na ɗigo ne, ka matsa ɗigo biyu ka rufe, sauran ba ya shan iska. Tamiya na Japan yana zuwa a kwalbar gilashi da tinarsa daban. A injin feshi ba na biyunsa, amma da burushi in ka maimaita wuri sau biyu sai ya kwaso na ƙasa. Humbrol na Ingila fentin mai ne a ɗan gwangwani na mililita 14, yana da ƙarko, sai dai wari da jinkirin bushewa, ga murfi da ke cushewa da busasshen fenti har ya daina rufuwa. Kowannensu kusan yuro 3 ne, sama ko ƙasa kaɗan. Yi lissafin da kanka: yuro 3 a mililita 14, lita guda ta haura yuro 200. Ka ga ba abin da za a kai wa bangon mutane ba ne.

Abin da na ga ya shafe ka kai tsaye shi ne lambar launi. Tun 1927 Jamusawa suke da tsarin da ake kira RAL, kowane launi da lambarsa. RAL 3009 jan tsatsa ne, RAL 8012 ja mai ruwan ƙasa irin na taragun kaya. Lambar da ke jikin ɗan gwangwanina ita za ka faɗa a babban kantin kayan gini, inji ya haɗa maka bokiti, kuma in ka koma baɗi ka sake faɗa, launin nan dai za ka samu. Na sha ganin yadda kake fama in fenti ya ƙare ana tsakar bango, ka tsuguna kana ɗiga kala kana juyawa kana gwadawa da na jiya. Idonka ya fi na yawancin masu fentin nan, don su inji ya ɗauke musu wannan. Amma in ka ce in faɗi inda suka fi mu, to a nan ne: bokiti na biyu ba ya saɓa wa na farko.

Akwai kuma inda ake cin kuɗin mutane. Ana sayar da garin launi a 'yan kwalabe, wannan tsatsa, wannan kunkunniya, wannan ƙurar hanya. Ya fi laushi, ya fi kama jiki, ban musa ba. Amma allin zane mai launi daga kantin masu zane, in ka goga shi a samfefa, kusan aiki ɗaya yake yi a kuɗi kaɗan. Duka biyun kuma in ka fesa musu fentin kariya mara ƙyalli sai su dusashe, dole ka ƙara. Har gidajen da aka tsofar tun daga masana'anta ana sayarwa, sai dai dattinsu iri ɗaya ne a kowane gefe, alhali bangon da ruwa ke duka ba ya kama da na bayansa. Gidajen kwali da ake yankawa da hasken leza sun fi roba kama da gini don ba sa ƙyalli, amma ba sa son ruwa, nan da nan su lanƙwashe. Garin launi busasshe kawai nake sa musu.

Wajen saye, intanet ta fi araha, kuma doka ta ba ka kwana 14 ka mayar da abin da ka saya ta nan ba tare da ka kawo dalili ba. Wani mai sayarwa ya taɓa aiko mini da kwalabe biyu da suka daskare, na mayar, kuɗina suka dawo ba gardama. A kanti ba ka da wannan haƙƙin sai in mai kantin ya ga dama, ranar Lahadi kuma a rufe yake. Duk da haka kantin nake zuwa. Dattijon da ke wurin ya taɓa karɓe wani saitin garin launi daga hannuna ya mayar kan kanta, ya ce launi uku sun ishe ni, ya zaɓo mini su. Cinikin ya ragu a hannunsa, ko a jikinsa. Kayan Ingila kuwa na rage saye, domin tun 2021 in suka shigo sai an ɗora harajin kashi 19 cikin 100, ga kuɗin aikawa, ga shi ma'aunin gidajensu sau 76 ne, suna ɗan fin namu girma. Ragowar tina da fentin mai ma ba a zubawa a magudana, akwai wurin da hukumar shara ke karɓa.

Abin da babu a kowane kanti shi ne irin tsufanmu. Duk kayan nan an yi su ne don gine-ginen ƙasar sanyi: gansakuka a gindin bango, baƙin kwal, jirwayen ruwan da ba ya yankewa. Ni kuwa so nake in gina tasha irin tamu ta Zariya, a kan layin da ya isa Kano a 1911. Faɗin tsohon layinmu milimita 1067 ne, in aka rage sau 87 ya zama 12 da 'yan kai, kuma an yi sa'a akwai layi mai milimita 12 a kasuwa, wanda ake yi don jiragen duwatsun Suwizalan. Kwanon rufi na roba ma akwai. Ginin dai sai na yanka da kaina. Da na kai gwajin bango ƙungiyarmu ta masu wannan harka, wani dattijo ya juya shi ya ce jan da ke ƙasa ya yi yawa, ba ginin da ke yin haka. Bai taɓa ganin yadda ruwan damina ke fallatsa jar ƙasa a gindin bango har gwiwa ba, ko yadda ƙurar hunturu ke kwanciya a kan dakalin taga, ko yadda rana ke cinye shuɗin ƙofa ya koma fari-fari. Na kwatanta masa da baki, ya gyaɗa kai irin na ladabi.

Don haka ina da roƙo, Yaya. In hanya ta bi da kai ta tasha, ka nemi izinin ma'aikata ka ɗauko mini hotuna da safe kafin rana ta yi ƙarfi: gindin bango, ƙasan taga, da rufin kwano kusa-kusa, musamman wajen ƙusa da inda kwano ya hau kan ɗan'uwansa, don ta nan tsatsa ke farawa. Ƙasar kanta kada ka aiko, kwastan ɗin nan ba sa barin ta shigo. Ni kuma mai zuwa gida zai kawo maka littafin launukan RAL da ƙananan burusa masu kyau don rubutun allo da gyaran gefe. Fentin feshi da na mai ba a yarda a hau jirgin sama da su ba, kada ka sa rai. A gaida Inna, a ce mata maganin ƙafar yana cikin kayan.