Mazubin koton roba: garin POP ko silikon?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana fatsa a Kainji, koton roba na kanti ya yi tsada, ga kifin tsage yana yage maka shi kafin ka ci moriyarsa, don haka kana so ka riƙa zuba naka a gida. Tambayarka ita ce da me za ka yi mazubin, da garin POP na masu silin ko da silikon. Na yi aiki da duka biyun. Kafin maganar kuɗi, ka fara tantance abin da za ka zuba a ciki, domin mazubin da zai yi wa roba daidai yana iya jikkata ka idan ka zuba masa dalma.

Bari mu fara da roba mai laushi, wadda ake yin tana da ƙananan kifaye da ita. Sunanta filastisol. Tana zuwa fara kamar madara, idan aka dafa ta zuwa wajen digiri 175 na ma'aunin Celsius sai ta washe ta yi yauƙi irin na zuma, idan ta huce ta zama wannan roba mai karkaɗa wutsiya a ruwa. Wani Ba'amurke mai suna Nick Creme ne ya fara fitar da tanar roba a 1949, kuma a ɗakin girkin gidansa ya soma. Tsofaffin koton da tsage ya yayyaga ma kada ka zubar, ana sake narka su.

A wannan zafin, POP yana aiki sarai, kuma mudu ɗaya zai ba ka mazubi da yawa. Kofi biyu na gari, kofi ɗaya na ruwa, kuma garin ake barbaɗawa cikin ruwan. Ka manna samfurinka, wato siffar koton da kake son kwaikwaya, a gindin ƙaramin kwali, ka shafa masa basilin kaɗan, ka zuba kwaɓin, ka bubbuga gefen kwalin kumfa ta taso. Cikin rabin awa zai yi ɗumi ya sandare. A nan ne mutane suke ruɗuwa, su ɗauka ya bushe, alhali cikinsa cike yake da ruwa. Da hunturu kwana uku a rana sun isa, da damina kuwa ka ba shi mako guda. Sannan POP yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, shi ya sa koton yake fitowa a dushe ba sheƙi. Maganinsa a shafa farin gam na kafintoci da aka tsinka da ruwa, sau biyu ko uku, a bar kowane shafi ya bushe. Aibinsa babba shi ne rauni. In ya faɗi ƙasa ya fashe, bakinsa kuma yana ɓantarewa a hankali har layin haɗi ya fara yoyo, in mazubin mai ɓangare biyu ne.

Silikon na gaske, mai zuwa kashi biyu ana haɗawa da sikeli, wata duniya ce daban. Yana kwashe duk zanen da ke jikin samfur, har ɓawon kifi da ramin ido. Ba ruwansa da shanya, ba ya buƙatar shafin gam, kwana ɗaya ya nuna. Tunda yana lanƙwasuwa, ko samfurin yana da lungu da saƙo za ka ɓare shi kamar ayaba, abin da POP ba zai taɓa yarda da shi ba idan samfurin na katako ne. Sai dai yana da tsada, sau da yawa sai an yi odarsa daga Legas ko waje, kuma yana riƙe zafi, don haka bayan zubi huɗu ko biyar a jere dole ka dakata ya huce.

Akwai na talaka: silikon na kwalba da masu tagar gilas suke amfani da shi, irin mai warin tsami, a cuɗa shi da sitaci har ya zama kamar ƙullin fulawa, a danna samfur a ciki. Sitacin ne yake kai laima cikinsa ya nuna da wuri, in babu shi bayan zai bushe cikin ya zauna ɗanye. Yana aiki, amma yana ɗan tsukewa kuma kumfa tana ɓata masa fuska. Na gwaji ne.

Ra'ayina a kan roba: ka fara da POP, mazubi mai fuska ɗaya wanda ake zuba masa ta sama, gadon bayan koton ya fito a shafe. Siffar farko da wuya ta yi iyo yadda kake so. Za ka rage kaurin wutsiya, ka ƙara faɗin ƙarshenta, ka sake gwadawa a bahon ruwa, kuma kowane gyara sabon mazubi ne. Da POP ba za ka ji asarar ba. Ranar da ka sami siffar da giwan ruwa ya kai wa hari, ita ce ta cancanci silikon.

To, ga inda na fi so ka saurare ni, wato kan ƙugiya mai nauyi da ake zubawa da dalma. Dalma tana narkewa a digiri 327. Silikon na yau da kullum ƙonewa zai yi, kuma ko jan silikon nan da aka yi don zafi iyakarsa wajen 300 ne, wanda ya fi dacewa da kuza mai narkewa a 232. POP yana ɗaukar zafin na ɗan lokaci kafin ya tsattsage, amma da sharaɗin babu ɗigon laima a cikinsa. Ruwa idan ya zama tururi yana kumbura kusan ninki 1,700, kuma a cikin rufaffen mazubi ba shi da mafita sai ta ƙofar da ka zuba. Na taɓa yin gaggawa da mazubin kwana ɗaya, dalmar ta yi tsartuwa ta dawo sama, tabon yana bayan hannuna har yau. Da fuskata na kusa, da ido ne. In dole sai POP, ka shanya shi sosai, ka gasa shi a gefen garwashi kafin kowane zubi, ka ɗaure ɓangarorin mazubin biyu da matsi, ka sa tabarau da safar hannu ta fata.

Mazubin da ya fi duka ga dalma shi ne na alminiyam, domin sai a digiri 660 yake narkewa. Maƙeran tukwane, irin na Panteka a Kaduna, suna zubi a cikin yashi kullum. Ka sassaƙa musu ɓangarorin biyu da katako su zuba maka, kai kuma ka bi cikin da sanfefa har ya yi sumul, ka tsaga siririyar hanyar iska daga ƙarshen ramin. Wannan zai yi maka shekaru.

Ina roƙonka da Allah kada ka narka dalma a tsakar gida ko a murhun girki, kada ka fasa tsohon batirin mota don nemanta, kuma cokali ko gwangwanin da ya taɓa ta kada ya koma wajen abinci. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar da ta shiga gidajensu daga niƙan dutsen zinare. Ka yi aikinka a fili nesa da yara, iska tana kaɗa hayaƙin gaba, ka wanke hannu da sabulu, ka sauya riga kafin ka shiga gida. Ita ma robar hayaƙinta ba na shaƙa ba ne, a waje ake dafa ta, a wuta kaɗan ana juyawa, domin da ta wuce zafinta sai ta yi rawaya ta ƙone.

In kuza za ta samu a wajenka, gwada ta a madadin dalma. Ba ta kai ta nauyi ba, wajen kashi biyu cikin uku ne, don haka sai ka ƙara wa ramin kan girma kaɗan.