Ɗaukaka ƙara a shari'ar iyali a Damagaram: wa ya kamata ya tsaya maka?

Wanda aka yanke wa hukuncin da bai gamsu da shi ba a kan saki, riƙon yara, kuɗin ciyarwa ko rabon gado, ya fara da ofishin garfiye, wato magatakardan kotu, kafin ya fara cigiyar lauya. Ya tambayi kwana nawa gare shi na yin apel, wato ɗaukaka ƙara, a shigar da ƙararsa a rajista, ya karɓi shaidar hakan a hannu, sannan ya nemi kwafin hukuncin a rubuce. Wa'adin nan ƙirga shi ake yi, in ya wuce ko wane gwani ka ɗauko ba abin da zai tsinana maka. A nan mutane da yawa suke faɗuwa: ana can ana taron dangi, ana jiran kawu ya dawo daga Kano a ji ta bakinsa, kwanaki kuwa suna tafiya.

Kafin a zo ga zaɓi, sai an san irin shari'ar da ake yi. Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda ɗaya. An gwada a 1993, aka sake gwadawa a 2011, duka biyun ba su kai labari ba. Dokar tsarin kotuna, ta 2004 da ta 2018 da ta gaje ta, ta ce a sha'anin aure, saki, nasaba, gado da wasiyya alƙali ya bi al'adar ɓangarorin da ke shari'ar, muddin ba ta ci karo da dokokin ƙasa da yarjejeniyoyin da Nijar ta sa wa hannu ba. Shi ya sa kake ganin dattawa masana al'ada zaune gefen alƙali suna ba shi shawara. A wurinmu al'adar ta cuɗanya da fiƙihun Malikiyya, amma ba ko'ina suka zama ɗaya ba. Misali riƙon yara: a bakin mutane, yaro ya kai shekara 7 sai ya koma gidan ubansa, a Malikiyya kuwa uwa na riƙe namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji, shi kuma alƙali yana duba maslahar yaron. Mai tsaya maka dole ya san waɗannan uku, ya kuma san wadda za ta fisshe ka.

Hukuncin al'ada da ya fito daga ƙaramar kotu, kamar ta Mirya, Magarya ko Matamai, babbar kotun Zinder ake kai apel ɗinsa. Abin da babbar kotun ta yanke a matakin farko bisa dokar zamani, shi ke hawa kotun ɗaukaka ƙara, wadda ita ma a nan Zinder take. A apel ana sake buɗe maganar ne gaba ɗaya, a ji shaidu, a duba takardu.

Saboda haka tsayawa da kanka ba wauta ba ce, in matsalar ta shaida ce kawai: maƙwabcin da ya ji lafazin saki bai samu zuwa ba, ko takardar sayen gona ta ɓulla daga baya. Akwai tafinta, za ka yi bayaninka da Hausa. Inda gizo ke saƙa shi ne, da Faransanci aka rubuta hukuncin, kuma kuskuren da ke rusa hukunci sau da yawa cikin rubutun yake. Shin an ambaci al'adar da aka bi, an bayyana abin da ta ce? An rubuta sunayen masana al'adar da suka zauna? An ba ɗayan ɓangaren abin da bai ma roƙa ba? Ɗan'uwanka mai boko zai karanta maka, amma ba lalle ya san cewa rashin wani layi ɗaya hujja ce ba.

Matan da ba su da hali, kada su sayar da gadon kwana da kwanoni kafin su leƙa ofishin ANAJJ. Hukuma ce ta gwamnati da dokar 2011 ta kafa don taimakon shari'a, tana da ofishi a manyan kotuna. Bayani kyauta ne ga kowa, kuma macen da ke neman kuɗin ciyar da ƴaƴa, riƙon yaro ko a fitar mata da gadonta tana cikin waɗanda dokar ta ambata da suna. Sai dai a tafi da haƙuri, kuma a riƙa bin sawun dosiye da ƙafa. Ƙungiyoyi irin su ta mata masana shari'a, AFJN, da ta kare haƙƙin ɗan Adam, ANDDH, suna ba da shawara, su nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Shawara ce fa, ba su ne za su sa baƙar riga su tsaya gaban alƙali ba.

Sai lauyan kuɗi, kuma a nan ne aka fi yin asara. Mafi yawan lauyoyin Nijar a Yamai suke, tafiyar kusan kilomita 900. Wanda ka ɗauko daga can, ban da ladan aikinsa akwai kuɗin mota da masauki, kuma shari'a ba ta ƙarewa a zama ɗaya. Duk ɗagewa sabon lissafi ne. Tambaye shi tun farko: Metur, kai za ka zo da kanka ko wani za ka turo? In an ɗage zama wa ke biyan hanya? Kuɗin nan na apel ne kaɗai, ko har da bin hukunci wurin wisiye, jami'in zartar da hukunci, a zartar? A rubuta yarjejeniya, kowace jika ka bayar ka karɓi rasit. Wanda ke zaune a Zinder ko yake yawan zuwa ya fi sauƙin kamawa, ya san ranakun zama, ya san yadda ake rabon gida a unguwannin Birni da Zango inda ƴan uba da ƴan uwa suke tsakar gida ɗaya. Na Yamai yana cin kuɗinsa ne in dukiyar mai nauyi ce, gidaje da filaye masu takarda, ko in ka hango maganar za ta kai kotun ƙoli. Can ba a sake jin shaidu, doka kawai ake dubawa ko an bi ta, aiki ne na alƙalami zalla.

A ganina gwaji ɗaya ya isa a bambance su. Miƙa masa kwafin hukuncin ka yi shiru. Lauyan kirki zai karanta kafin ya faɗi farashi, ya nuna maka da yatsa inda alƙali ya yi rauni, wani lokaci ma ya ce maka wannan ba ta ɗaukuwa, kada ka ɓata kuɗinka. Wanda ya ce "an gama" tun bai buɗe takarda ba, tashi ka ba shi wuri. Haka masu tare mutane a ƙofar gidan shari'a suna cewa sun san wane da wane. Lauya sunansa na cikin jerin ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, tambaya ba laifi ba ce.

Akwai lissafin da mata musamman ya kamata su yi: apel yakan dakatar da zartar da hukunci, sai in alƙali ya ce a zartar nan take. In an yanke miki kuɗin ciyarwa kina ganin ya yi kaɗan, ki tambaya ko za a ci gaba da biyan wanda aka yanke yayin da ake jiran sabon zama.

Ƙofar sulhu kuma ba ta rufe don an shigar da apel. Dokar sarakunan gargajiya ta 2015 ta ba mai unguwa, hakimi har fadar Sarkin Damagaram ikon sasanta mutane, kuma a rikicin gado tsakanin ƴan gida ɗaya sau da yawa hakan ya fi araha nesa ba kusa ba. Amma a rubuta abin da aka daidaita a kai, kowa ya sa hannu, a kai takardar kotu ta tabbatar, sannan ka janye ƙararka.