Kwana biyu a ƙafa cikin dazukan Baha tare da ɗan jagora

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a Makka, kuma in ban da Ɗa'ifa ban taɓa taka wani wuri mai sanyi a ƙasar nan ba. Shi ya sa duk lokacin da wani abokin aikina ɗan ƙabilar Zahran ya fara ba ni labarin dazukan garinsu, sai in ɗauka son gida ne kawai ke ɗibarsa. A watan Agustan da ya wuce, sa'ad da zafin Makka ya haura digiri 40, mu shida daga Shara Mansur muka haɗa kuɗi muka biya wani ƙaramin kamfani mai shirya tafiyar ƙafa a Baha, yankin su abokin nawa. Kuɗin ya ƙunshi mota, da masauki na dare ɗaya, da abinci, da ɗan jagora.

Mun tashi bayan sallar asuba, muka hau ta Hada zuwa Ɗa'ifa, daga nan muka miƙa kudu sama da kilomita 200 a kan tsaunukan Sarawat. Garin Baha yana bisa tudun da ya wuce mita 2,000, kuma tun kafin mu sauka daga mota kowa ya fara laluben rigar sanyinsa.

Farkon tafiyar bai burge ni ba. An sauke mu a dajin Ragadan, wanda bai fi 'yan kilomitoci daga tsakiyar gari ba, muka tarar da shi cike da iyalai masu hutun bazara, ga motoci, ga hayaƙin gashi, ga kuma gwaggon biri garke guda suna dakon wanda zai yi sake da ledarsa. Sai da ɗan jagoran ya ratse da mu daga kwalta zuwa wata siririyar hanya ta makiyaya sannan na ga abin da muka biya kuɗi dominsa. Itacen da ya mamaye dajin shi ne wanda Larabawa ke kira ar'ar, ganyensa ƙanana ne ƙwarai, ba ya kaɗewa rani da damina, kuma idan mutum ya murza shi a tafin hannu ƙamshinsa yakan daɗe bai fita ba. Da la'asar ta kusa, hazo ya taso daga ƙasa ya lulluɓe mu har na daina ganin na gabana, amma ba irin busasshen hazon hunturu na gida ba ne, wannan jiƙa tufafi yake yi. Ɗan jagoran ya bayyana mana cewa iska ce mai laima daga Bahar Maliya take ratsa filin Tihama na bakin teku, idan ta ci karo da bangon tsauni sai ta hau ta yi sanyi ta zama hazo, itatuwan kuma su tare raɓar ta ɗiga a gindinsu. Ban taɓa tunanin daji zai iya shan ruwa ta wannan hanya ba.

Daga nan muka gangara wani kwari mai gonaki hawa-hawa, waɗanda aka tokare kowace da katangar dutse don kada ruwa ya kwashe ƙasar. A kan tuddai akwai tsofaffin hasumiyoyin dutse da ƙabilun Gamid da Zahran suka gina domin tsaro da ajiyar hatsi. Game da ƙorama kuwa, gara in faɗi gaskiya: wanda ya san Gurara ko rafukan Filato kada ya zo da dogon buri, domin abin da muka gani ruwa ne da yaro zai tsallake, yana bi ta ƙarƙashin duwatsu yana taruwa a 'yan kududdufai masu sanyi. Duk da haka, ga wanda ya shekara yana shan ruwan jarka, yin alwala a ruwa mai gudu ba ƙaramin abu ba ne.

A wannan kwarin ne ɗan jagoran ya ci kuɗinsa. Muna cikin tafiya ya tsaya ya dubi gajimaren da ya haɗu a saman tsaunin, ya ce mu bar cikin kwazazzabon mu hau gefe nan take. Dattijon da ke cikinmu, wanda duk muke kira Kawu, ya ce ai ko ɗigo bai sauka ba. Saurayin ya amsa masa cikin ladabi cewa, "Ya Hajji, ruwan da ke cin mutum a nan ba a kansa yake sauka ba." Ma'anarsa ita ce ruwa yakan zuba a can sama inda ba ka gani, dutse kuma ba ya shanyewa, sai ambaliyar da suke kira sail ta taho gaba ɗaya ta cika kwazazzabon. A ranar ba mu ga ambaliyar ba, kuma Kawu bai fasa mita ba har masauki, amma ni ban ga laifin yaron ba ko kaɗan.

Inda nake da ƙorafi shi ne tallar kamfanin, wadda ta ce hanyar mai sauƙi ce. Ba ta da sauƙi ga wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, domin a wannan tsayi numfashi yakan yi wuya, gangaren kuma cike yake da tsakuwa mai zamewa. Babu wanda ya gaya mana irin takalmin da za mu sa, har biyu daga cikinmu suka zo da silifa, sandunan da aka tanada kuma guda uku ne kacal.

Kuskure na biyu ya fi wannan girma. Washegari aka sauko da mu ta hanyar da ke ratsa ramukan cikin dutse zuwa ƙauyen Zi Ain, mai nisan kilomita ashirin da 'yan kai daga Baha, aka iso da mu da tsakar rana. Ƙauyen abin kallo ne: gidajen dutse masu benaye a jere a kan wani farin dutse, shekarunsu ɗaruruwa, a gindinsa kuma maɓuɓɓugar da ba ta ƙafewa tana shayar da ayaba da lemo da ɗoɗɗoya da wani tsiro mai ƙamshi da ake kira kadi. Sai dai Zi Ain a ɓangaren Tihama yake, zafin da muka gudo daga gare shi ne ya tarye mu a can, har Kawu ya kasa hawa ya zauna a inuwar ayaba. Wurin na lokacin sanyi ne, ko kuwa na sassafe, kuma duk wanda ke shirya irin wannan tafiya ya san haka.

Abincin bai da laifi, shinkafa da nama ne da gahawa da dabino, an kuma tsaya mana muka yi sallolinmu na kasaru a natse. A hanyar dawowa na sayi zumar sidir, itacen da malamanmu ke fassarawa da magarya, ko da yake wanda aka nuna mini ya fi kama da kurna. Na rubuta wa kamfanin batun takalmi da batun lokacin zuwa Zi Ain; sun amsa na farkon da alkawarin gyara tallarsu, na biyun kuwa har yau ba su ce komai ba.