Manhajar Merlin da tsuntsun da ke ajiye ƙwai a sheƙar hankaka

Hausawa na cewa hankaka mai da ɗan wani naka, kuma akwai tsuntsun da ke sa shi wannan aiki da gaske. A Merlin Bird ID, manhajar waya ta gane tsuntsaye, sunansa Great Spotted Cuckoo, masana kuwa Clamator glandarius suke kiransa. Macen ba ta yin sheƙa. Sai ta faki ido ta saka ƙwai a ta hankaka, shi ya kwanta a kai, ya ciyar da ɗan.

Manhajar kyauta ce, daga jami'ar Cornell ta Amurka. A sauke kundin tsuntsayen yanki tun ana da data, don a daji ba lallai a samu sabis ba. Tambaya biyar take yi kafin ta kawo jerin tsuntsayen da suka dace: wuri, rana, girma, launi har uku, da abin da tsuntsun ke yi. A nan ake yawan kuskure wajen girma. Tsawon wannan cuckoo santimita 35 zuwa 40 ne, amma kusan rabi wutsiya ce.

Sashen hoto ya fi komai amfani, muddin an ɗauka daga gefe. Abin dubawa: tukku ruwan toka, fararen ɗigo a fiffike da baya, maƙogwaro mai ɗan rawaya, farin ciki. Ƙarami kuwa baƙin kai gare shi, da jan ƙasa a fiffike, har a zata wani jinsi ne. Hotunan Merlin sun raba su da kyau, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin sauke ta. Hoton da aka ɗauka rana na bayan tsuntsu kuwa ɗigon ɓacewa yake, amsa ta zo a karkace. Kada a haɗa wannan cuckoo da ragon maza. Shi danginsa ne amma da kansa yake sheƙa.

Cuckoo ɗin fili mai itatuwa jefi-jefi yake so, irin gawo da bagaruwa, da bakin gonaki inda gizaka ta yi yawa, don ita ce abincinsa. Ba ya zaman kurmi. Ana samunsa har Sifaniya da Turkiyya.

Raunin manhajar biyu ne. Sashen gane kuka bai kai na hoto ƙarfi ba a kan tsuntsayen Afirka ta Yamma, gara a saurari kukan da ke cikin kundin a gwada da kunne. Sannan babu Hausa a cikinta, abin da ke hana manomi da makiyayi, waɗanda suka fi kowa ganin tsuntsun, cin moriyarta.