Makero, ƙora, ƙyasbi da cin ruwa: wane magani ya kamata ka saya?

Duk waɗannan cututtuka fungas ne ke kawo su, dangin funfunar da ke fitowa a wuri mai danshi. Amma ba iri ɗaya ba ne, kuma ba wuri ɗaya suke zama ba. Makero da cin ruwa da ƙora aikin wasu ne da ke cin busasshen saman fata da gashi da farce. Ƙyasbi kuwa wani ne daban mai suna Malassezia, wanda dama yana jikin kowa yana cin maiƙon fata, sai zafi da gumi su ba shi dama ya yaɗu. Ƙaiƙayin gaba mai farin ruwa kamar kindirmo kuma na wani fungas ne mai suna Candida. Saboda haka kafin ka miƙa kuɗinka, ka juya kwalin ka karanta sunan sinadarin da ke ciki, wanda ake rubutawa da ƙananan haruffa. Babban sunan da ke gaba na kamfani ne kawai.

Mu fara da man shafawa, tunda shi aka fi saye. Zaɓi biyu ne na gaske. Na farko clotrimazole da ɗan'uwansa miconazole. Fungas yana gina bangon ƙwayar halittarsa da wani kitse mai suna ergosterol, su kuma waɗannan biyun suna hana shi ƙera kitsen, sai ya daina girma. Amfaninsu faɗi: suna taɓa makero, suna taɓa Candida, suna taɓa ƙyasbi. Matsalarsu jinkiri, don sai an yi mako 2 zuwa 4 ana shafawa safe da yamma. Na biyu terbinafine, wanda ke tare hanyar ƙera kitsen tun daga tushe, har wani sinadari ya taru a cikin ƙwayar ya kashe ta. A kan makero da cin ruwa ya fi sauri, mako 1 zuwa 2 kan isa. A kan Candida kuwa bai kai su ba.

Ra'ayina, idan ka tabbata zoben nan ne mai jan gefe da ɓarɓashi, tsakiyarsa na washewa, ko kuwa tsakanin yatsun ƙafa ya yi fari yana tsagewa, ɗauki terbinafine. Dalilina ba ƙarfin maganin kaɗai ba ne. Mutane ba sa jure mako huɗu. Da ƙaiƙayi ya lafa a kwana na biyar sai a jefa maganin a aljihun tebur, bayan wata guda abin ya dawo. Idan kuma ja ne a matsematsi ko ƙarƙashin nono, ana shakkar ko Candida ne, clotrimazole ya fi rufa asiri. Ko wanne ka ɗauka, ka zarce gefen zoben da kamar faɗin yatsa biyu, don can ne cutar ke tafiya.

Nystatin fa? Tsohon magani ne mai kyau, wasu mata biyu masu bincike, Elizabeth Hazen da Rachel Brown, suka gano shi a 1950 a jihar New York. Amma Candida kawai yake ci. Wanda ya shafa shi a makero ya yi asarar kuɗinsa.

Wanda nake so ka ajiye ka wuce shi ne man da ake tallatawa da cewa uku ne a ɗaya ko huɗu a ɗaya. Duba kwalin, za ka ga betamethasone ko clobetasol a jere da maganin fungas. Waɗannan steroid ne masu ƙarfi, wato magungunan kwantar da kumburi da ƙaiƙayi. Cikin kwana biyu ƙaiƙayi ya tsaya, ja ya dusashe, mutum ya ce ya samu magani. Abin da ya faru shi ne an kwantar da garkuwar fatar, fungas ɗin ya samu fili. Zoben ya ɓace, ya koma shimfiɗaɗɗen tabo marar gefe wanda ko likita sai ya kankare fatar ya duba a madubin ƙara girma kafin ya gane. In aka daɗe ana shafawa fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito a cinya. Abin bai tsaya kan mutum ɗaya ba. A Indiya, inda aka yi shekaru ana sayar da irin waɗannan mayuka barkatai, wani nau'in makero ya yaɗu wanda sau da yawa terbinafine ba ya kashe shi. A 2020 aka raɗa masa suna Trichophyton indotineae, a 2023 kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton samunsa a New York. Magungunan fungas dama ba su da yawa, domin ƙwayar halittarsa ta fi kama da tamu fiye da ta bakteriya, samun abin da zai kashe shi bai taɓa mu ba abu ne mai wuya. Ɓata ɗaya daga cikinsu ba ƙaramar asara ba ce.

Ƙyasbi idan ya mamaye ƙirji da baya, man shafawa ba zai wadatar ba, sabulun ruwa na wanke kai mai ketoconazole kashi 2 cikin ɗari ko selenium sulfide ya fi dacewa. A shafa a jiki, a bar shi 'yan mintoci, a wanke. Selenium yana da wari kuma yana iya yi wa fata zafi. Ketoconazole ya fi taushi. Kada ka yanke hukunci da launi: fungas ɗin zai mutu amma farin tabon ya kwashe watanni kafin ya saje. Abin dubawa shi ne ɓarɓashi, in ka kankara da farce ba ya tashi, magani ya ci.

Akwai wuraren da mai ba ya kaiwa ko da ka shafa kwali goma. Ƙora a kan yaro tana cikin saiwar gashi, sai ƙwayar sha: griseofulvin na mako 6 zuwa 8, a sha da abinci mai maiƙo don ya shiga jiki, ko terbinafine na kamar mako 4, kuma nauyin yaron ne ke yanke adadin. Sabulun kai yana rage yaɗuwa ga sauran yara ne kawai. Farce ma haka, ƙwayar terbinafine mako 6 ga na hannu, mako 12 ga na ƙafa, sabon farcen ƙafa kuma yana iya kai shekara kafin ya fito duka. Waɗannan ba na saye da ka ba ne, likita ke rubutawa, don suna bi ta hanta, kuma ba kowane farce mai kauri ne fungas ba. Ƙwayar ketoconazole kuwa, kar ma ka tambaya: a 2013 hukumar magunguna ta Turai ta ba da shawarar a dakatar da ita, ta Amurka ta taƙaita amfani da ita, saboda lalata hanta.

Ga Candida na mata, zaɓin yana tsakanin ƙwayar fluconazole 150mg sau ɗaya da clotrimazole na matsi. Aikinsu kusan ɗaya ne, ƙwayar dai ta fi sauƙi. Amma mai juna biyu ta guji ƙwayar, ta yi na matsi da shawarar likita ko ungozoma. Na matsin yana iya raunana kwaroron roba. Mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, shi kuma ya faɗa wa likita kafin ya taɓa fluconazole ko miconazole, don suna iya sa jini ya ƙi tsayawa. Idan ruwan yana da ƙarni ko launi, wataƙila ba fungas ba ne sam.

Mai ciwon suga da ya ga cin ruwa, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, da wanda ya yi mako biyu yana shafa maganin da ya dace bai ga canji ba, su tafi asibiti a kankare fatar a gwada, su kuma tafi da kwalin abin da suka riga suka shafa.