Gareji, cibiyar gwamnati ko kwalejin fasaha: ina za a kai matashin da zaman banza ya fara ja?

Wannan bayani na iyaye ne da yayye da kwamitocin unguwa da ke da matashi tsakanin shekara 16 zuwa 25 a gari irin Kano, Kaduna ko Zariya, wanda ya bar makaranta, yake wuni a majalisa, wataƙila ma an fara ganinsa da 'yan daba. Yawanci tambayar da ake fara yi ita ce, "Ana ba da jari in an gama?" Wannan ya kamata ta zo daga ƙarshe. A fara da waɗannan: awa nawa hannunsa zai yi a kan kayan aiki kowace rana? Wa zai lura, ya kira gida, ranar da bai zo ba? Wa zai riƙa biyan kuɗin mota da abincin rana a watannin da bai fara samun ko kwabo ba?

Idan shaye-shayen ya kai ga ba ya iya wuni sai ya sha, magani ne a gaba, sana'a ta biyo baya. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, da na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, kuma hukumar NDLEA na da wuraren ba da shawara da gyaran hali. A guji gidajen mari. A 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wani irinsu a Rigasa da ke Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, kuma an sake samun makamancinsa a Daura.

Koyo a wurin oga

Wannan ce tsohuwar hanya, kuma har gobe ita ta fi fitar da masu cin abinci da hannunsu: kanikanci, walda, kafinta, aikin famfo, wayarin, ɗinki, gyaran waya. Je ka Panteka a Kaduna ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ka ga yadda ake koyo a tsaye. Amfaninta ga matashin da ke bakin lalacewa babba ne. Tun safe har magariba yana gaban idon babba, ana ɗan ba shi na abinci, yana ganin kwastoma da yadda ake ciniki, abin da babu ajin da ke koyarwa. Ba a tambayarsa takardar makaranta.

Matsalarta tsawon lokaci ne da rashin tsari. Ɗinki kan ci shekara ɗaya zuwa uku, kanikanci kuwa uku zuwa biyar. A gareji da yawa, sabon yaro kan shafe watanni yana wanke kayan inji da fetur, yana miƙo sifana, yana sayo wa manya abinci. Yaro ɗan shekara 12 zai jure wannan. Mai shekara 22 da ya saba da girman kansa a unguwa, ranar da ƙaramin da ya riga shi zuwa ya daka masa tsawa, ita ce ranar ƙarshe. Don haka ga wanda ya girma, a zaɓi sana'ar da ake fara taɓa kuɗi da wuri: shimfiɗa tayil, fenti, haɗa sola, aski, gyaran waya. Mai gyaran waya zai iya fara canja gilashin fuska da bakin caji cikin 'yan watanni, kodayake aikin cikin allon waya, wanda ke buƙatar mita da na'urar hura zafi da hannu mara rawa, yana ɗaukar lokaci sosai.

A duba abin da ke cikin shagon. Yaron da ake raba shi da shaƙar sholisho ba a kai shi wurin mai faci ko mai haɗa takalma, inda gwangwanin yake buɗe duk wuni. A shagon walda a nemi ganin gilashin kare ido. Idan yara na kare fuska da tafin hannu, ciwon ido na dare zai kore shi tun makon farko. A kuma tambayi ogan: yara nawa ka yaye, ina shagunansu? Oga nagari zai nuna maka su da yatsa. Wanda ke da yara goma sha biyar amma bai taɓa yaye kowa ba, leburori yake tarawa.

A rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa ko shugaban ƙungiyar masu sana'ar: tsawon lokaci, kuɗin koyo in akwai, abin da za a ba shi kullum, wanda zai biya idan ya ɓata kayan kwastoma, da abin da ake bukata ranar yaye. Wannan na kayan kwastoma shi ya fi raba oga da yaro.

Gajerun shirye-shiryen gwamnati da ƙungiyoyi

A nan akwai hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, mai ofishi a kowace jiha, wadda ke tura matasa wurin masu sana'a a ƙarƙashin shirinta na koyon sana'a. Akwai asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, da aka kafa a 1971, mai hedikwata a Jos. Akwai cibiyoyin jihohi, kamar cibiyar koyon sana'a ta Aliko Dangote da ke kan titin Zariya a Kano. Yawancin irin waɗannan kyauta ne, wasu da ɗan alawus, wasu da kayan fara aiki a ƙarshe, kuma galibi watanni ne, ba shekaru ba.

Wata uku ko shida sun isa a gane ko yaro na son sana'ar, sun isa ya san sunayen kaya da ƙa'idar tsaro. Ba su isa su mai da shi gwani ba. Kafin a cike fom, a ziyarci ajin ranar aiki, ba ranar biki ba, a ƙirga keken ɗinki ko injin walda da ke aiki, a raba da yawan ɗalibai. Keke takwas ga mutum arba'in a darasin awa huɗu, kowa bai samu cikakkiyar awa ɗaya ba. A tambaya ko akwai janareto da wanda ke zuba masa mai. Alawus kuma kan makara, don haka kar a ɗora kuɗin a-daidaita-sahu a kansa. Yaron da ke hawa mota biyu kafin ya isa, idan kuɗin ya yanke mako guda, shi ke nan ya koma majalisa.

Kayan fara aikin su ne inda ake yawan asara. Matashin da aka miƙa wa sabon keke, ba shi da shago, ba shi da kwastoma, ga bashi a wuyansa, kasuwa zai kai shi. Dabarar da ta fi ita ce a samo masa oga tun kafin a yaye su, a ajiye kayan a shagon ogan ko a hannun wani babba a gida, ya yi shekara guda yana aiki da su a ƙarƙashin wani. Shirin Mafita, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyi a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, ya ginu ne a kan haɗa aji da shagon mai sana'a, har da almajirai da 'yan mata a cikin waɗanda ya ɗauka. Duk shirin da ke da wannan haɗin ya fi wanda ke aji kawai.

Ga 'yan mata da ƙananan zawarawa, a yi hattara da kwas ɗin mako biyu na sabulun ruwa da man shafawa. Idan an koya wa mata ɗari abu ɗaya a unguwa ɗaya, wa zai sayi na wa? Ɗinki mai kyau, girke-girken biki, ƙunshi da gyaran waya sun fi riƙe mutum, kuma nisan wurin daga gida ya fi komai tasiri ga ko za a bar ta ta ci gaba.

Kwalejin fasaha

Shekara uku ce bayan aji uku na ƙaramar sakandare, a ƙarshe a zauna jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci, a samu takardar shaidar fasaha ta ƙasa, NTC, wadda za a iya neman babbar kwalejin kimiyya da fasaha (polytechnic) da ita. Ta dace da mai shekara 15 zuwa 18 da bai daɗe da barin aji ba kuma yana iya karatu da lissafi. Idan ta kwana ce, ta raba shi da abokan unguwa, wanda wani lokaci shi ne rabin maganin. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da karatu kyauta da alawus a kwalejojinta na fasaha. A tabbatar daga bakin shugaban makarantar abin da ake bayarwa a zahiri. Wanda ya haura ashirin ko bai iya karatu ba, zama da ƙannensa zai yi masa wuya. Gara ya shiga wurin oga da rana, ya haɗa da ajin yaƙi da jahilci na yamma. Hukumar ilimin manya ta Kano tana wannan aiki tun 1980.

Kwas ɗin kwamfuta, irin shirin gwamnatin tarayya na 3MTT da aka fara a 2023, na wanda ya gama sakandare ne, yana jin Turanci, yana da kwamfuta da wuta da data. Ga wanda ba shi da waɗannan, ɓata lokaci ne.

Batun takarda

Takardar halarta mai ado da ƙungiyoyi ke rabawa ba ta buɗe ƙofar kamfani. Waɗanda ke da nauyi su ne Trade Test, wato takardar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, da ake farawa daga mataki na uku a hau na biyu sannan na ɗaya, da NTC, da NSQ, shaidar ƙwarewar sana'a ta ƙasa, wadda hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, ke kula da ita. A ƙarƙashin NSQ ana iya gwada wanda ya koya a gareji a ba shi shaida bisa abin da hannunsa ya iya, ba sai ya koma aji ba. Wanda zai buɗe shagonsa a unguwa bai cika buƙatar takarda ba, amma mai son aikin kamfanin gine-gine ko fita ƙasar waje ya nemi ɗaya cikin ukun nan, kuma a tambayi cibiyar tun ranar farko wacce take shirya ɗalibai dominta, da wanda ke biyan kuɗin jarrabawar.